Wata Shida a Bencin Baya

Salama a gare ku. Masu tambaya ko ina raye, ina raye. Na daɗe ban ce komai a nan ba saboda an ce in yi shiru, ni kuma na yi. Yau dai zan buɗe baki.

Da tari abin ya fara, bayan girbin gero. Ina kan keken ɗinki a shagona a Kaura Namoda sai in ji ƙirjina kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Zazzaɓi da yamma, zufa har ta jiƙa katifa, zani ya daina zama a ƙugu. Na sha maganin kemis har na gaji.

Ranar da na ga jini a ƙyallen da na yi tari a ciki, yarana na fara tunawa. Mijina ya rasu, yara biyu gare ni. Wa zan bar wa su?

A asibiti aka ba ni 'yar roba in tofa majina, aka tura ni Gusau ɗaukar hoton ƙirji. Akuyata ta tafi a kuɗin mota da na hoto. Sakamako ya fito: tarin tibi. Likita ya ce ana warkewa, maganin ma kyauta ne, amma wata shida ne, kada in tsallake ko kwana ɗaya. A farko-farkon in guji cunkoso, in zauna inda iska ke shiga.

Daga can ban zame ko'ina ba sai gidan Baba Pasto. Ikilisiyarmu ƙarama ce, kuma tun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Shinkafi da Zurmi, da yawa sun koma garuruwansu. Ya saurare ni, ya yi mini addu'a, sannan ya ce, “Saratu, kada ki gaya wa kowa. In suka ji, 'yan da suka rage ma watsewa za su yi. Ki riƙa zama a bencin baya kusa da taga, kada ki fito cin Jibi sai kin gama magani.”

Na ce to. Ranar baftisma na yi alkawarin bin Yesu da yi wa shugabanni biyayya, ban ga abin musu ba.

Ga waɗanda ba su sani ba: a majami'armu, bencin baya na waɗanda aka sa a horo ne. Wanda aka kama da zina ko sata, can yake zama, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi, sai ya tuba. To ga mace ba miji, ta rame, ta koma bencin baya, ba ta cin Jibi. Ba wanda ya tambaye ni. Kowa ya riga ya samo amsarsa.

Wasu suka ce ciki na zubar, wasu suka ce ciwon zamani na kwaso. Maman Bitrus, shugabar zumuntar mata, ta zo da kanta ta kwashe yadin anko da ta ba ni ɗinki, ko zama ba ta yi ba. Wanda ya fi ƙona ni shi ne ranar da 'yata Rahila ta dawo tana kuka, ta ce, “Mama, wai me kika yi?”

Na koma wurin Baba Pasto na roƙe shi ya faɗi kalma ɗaya a mumbari, ko da cewa ba horo ba ne. Ya ce in ɗauki gicciyena, gaskiya za ta fito. Gicciyen da wani ya sassaƙa maka don benci ya cika, wallahi ya fi nauyi. Na ji haushinsa, har yau ina ji.

Ƙwayoyin ma ba su raga mini ba. Kullum da safe kafin in sa komai a baki, ga fitsari ja kamar zoɓo, ga gaɓoɓi na ciwo. Duk wata in je a auna ni a sikeli. Inna Kulu, makwabciyata Musulma, ita kaɗai ta sani bayan Baba Pasto, domin ta katanga take jin tarin. Ita ke dama mini kunu. Wata Lahadi ta gan ni ina jan ƙafa, ta ce, “Ɗiyata, mi za ki nema inda an ka ƙi ki? Yi addu'akki ɗaka, Allah na ko'ina.” Na ce mata ba da su na yi alkawarin ba.

Da wa'adi ya cika aka sake gwaji, likita ya ce na warke sarai.

Lahadin da ta biyo, Baba Pasto ya miƙe ya ce, “'Yar'uwarmu Saratu ta dawo teburin Ubangiji, mu yi murna.” Shi ke nan. Kalmomin da ake faɗa wa wanda ya gama horo ke nan, bai ƙara ko ɗaya ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Maman Bitrus ta rungume ni, ta raɗa mini, “Allah ya karɓi tubanki, kada ki sake.”

Da wannan maganar a kunnena na karɓi gurasar.

Na gode wa Ubangiji da ya bar ni in ga yarana. Na gode wa ma'aikatan asibiti, na gode wa Inna Kulu. Ku kuma, in tari ya wuce sati biyu, ku bar kemis, ku je a gwada majina. Ku shanye magani ko kun ji sauƙi. Tibi ciwo ne, ba zunubi ba. In kun ga mutum ya koma baya ya yi shiru, ku je ku tambaye shi, baki ba zai tsage ba.

Baba Pasto, na cika nawa: na yi shiru har na warke. Ban bar Yesu ba, ban bar ikilisiya ba. Ranar Lahadi ina tafe da Rahila, kuma ina jiran ka faɗa mata, a gaban jama'a, abin da uwarta ta yi.