Shaidun da Mma ta kira

Tun ina ƙarami Mma, mahaifiyata, take sayar da wake da shinkafa a bakin babbar kwatar Nima, unguwarmu ta Zango. Har makanikan unguwar Abossey Okai kan shigo mota su zo su yi layi a gabanta. Matar da ta ciyar da rabin unguwa, ita ce sankara ta toshe wa hanji, har koko ya daina zama a cikinta. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A asibiti likitarta, wata siririya mai tabarau, ta ce akwai abincin da ake sawa ta jijiya, fari kamar madara, a cikin leda. Kawu, yayan Mma, ya ce a ɗaura kawai, ba sai an gaya mata komai ba. Haka muke a Zango, ba a faɗa wa mara lafiya ciwonsa, sai dai a yi ta ce masa da sauƙi har a kai shi makwanci. Likitar ta ƙi. Ta jawo kujera bakin gado, tana magana ina mayarwa da Hausa. Ta ce ledar ba magani ba ce, ƙarfi kawai za ta ba ta ko jikin zai iya ɗaukar maganin sankarar.

Mma ta ce, "A gwada. In bai yi ba, ni za ki gaya wa, ba su ba."

Bai yi ba. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, zazzaɓi ya shigo ta wurin allurar. Likitar ta cika alkawari. Ta ce jikin ya daina amfana da abincin, in aka ci gaba ruwa ne zai yi ta taruwa a ƙirjinta.

"In an cire, zan ji yunwa?" in ji Mma.

Likitar ta ce galibi wanda ciwo ya kai nan ba ya jin yunwa, sai bushewar baki, shi kuma ana jiƙa shi.

"To, a cire. Gida zan tafi."

Kawu ya ce, "Gida? Kin san bakin mutanen Nima. Cewa za a yi 'ya'yanki sun gaji da ke, sun kashe ki da yunwa." Na ji haushinsa, amma ba ƙarya ya yi ba. A wurinmu ledar ƙarin ruwa da ke rataye ita ce alamar cewa dangi suna son mutum.

Mma ta ce in sayo goro, in kira mata liman da ladanin masallacinmu. Suka zo, suka zauna tare da Kawu, aka raba goro kamar za a ɗaura aure. Ta ce a tayar da ita zaune.

"Ku shaida," in ji ta. "Hankalina ɗaya. An gaya mani komai, ni na ce a cire. Wanda ya zargi 'ya'yana ban yafe ba."

Suka ce sun shaida. Muka dawo da ita ɗakinta, muna jiƙa mata leɓe da auduga da ruwan zamzam. Ko sau ɗaya ba ta ce yunwa ba. Wata ranar Talata bayan la'asar ta cika.

Kafin sadakar uku magana ta fita. A bakin famfo ƙanwata ta ji wata maƙwabciya tana cewa da irin Hausar Zango, "Mma ya roƙi abinci, yaransa sun hana." Liman ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da ya ji da kunnensa. Aka yi shiru, amma irin shirun da ake yi don ganin idon babba.

Yanzu liman ya rasu, Kawu ma ya bi shi. Tawa shaidar ba mai karɓa, tunda ni ake zargi. Saura ladan, ya tsufa tukuf, yana zaune wurin 'yarsa a unguwar Maamobi. Ranar Juma'a nakan je gaishe shi, kuma ba na ɓoyewa, tsoro ne yake kai ni. Nakan ce, "Baba, ka tuna abin da Mma ta faɗa a asibiti?" Da can yakan maimaita mani shi tiryan-tiryan, in koma gida in yi barci.

Juma'ar da ta wuce na sake tambayarsa. Ya daɗe yana kallona.

"Wace Mma? Mai wake?" Ya girgiza kai. "Allah sarki. Wadda aka ce 'ya'yanta sun hana ta abinci?"

Na ce masa, ita.