Shekara Tara Bayan Yaya Hansai, Suna Son Sa wa Kurminmu Ƙofa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hansai, Allah Ya haskaka kabarinta. Ita ta koya mini saƙar faifai da tabarma. Ita ce kuma ta fara yarda 'yan yawon buɗe ido su bi ta zuwa kurmin da muke yankan kaba, a bayan ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar.

Kallon raƙuma ke kawo su kasuwar Maigatari, sai direba ya biyo da su ta wajenmu. Yaya tana da dokokinta. Mota a bakin hanya take tsayawa, kowa ya taka da ƙafarsa, ko ɗan waye. Ba a ɗaukar mace hoto sai ta yarda. Wata Hajiya daga Abuja ta taɓa nacewa a yanko mata sabon tofon tsakiyar kaba, wai ya fi fari. Yaya ta ce, "Hajiya, in na yanke wannan, baɗi me za ki zo gani? Tsufana?" Hajiyar ta yi dariya, ta sayi abin da ta tarar.

Bana wani ɗan kwangila ya zo, ya gama da mazan gari a zaure kafin mu ji. Zai kewaye kurmin da waya, ya sa ƙofa da maigadi. Mu mata mun daina shiga ke nan, sai ranar da baƙi suka zo, a ba mu zani iri ɗaya, mu zauna a jere muna saƙa ana kallo. Kabar ma daga Nijar za a riƙa kawo mana.

Ya ce mini, "Iya, ai kare kurmin za mu yi."

Na ce, "Ɗan nan, daga wa? Tun ba a haifi mahaifinka ba muke yanka. Ka ga ya ƙare?"

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ba ta ƙin baƙo, ni ma ba na ƙi. Su zo, mu shimfiɗa musu, su saya, su koma lafiya. Amma baƙo a wurin mai gida yake sauka. In aka fitar da mu, wurin wa za su zo?

Ranar da aka kawo takardar kwangilar gidan maigari don mu mata mu dangwala mun yarda, na shirya yin faɗan ni kaɗai. Ban kai ga buɗe baki ba, sai Laraba, surukar Yaya, wadda ko gaisuwa da kyar ake jin muryarta, ta miƙe a gaban maza ta ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu dangwala ba." Ba mace ɗaya da ta miƙa yatsa.

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba. Matan da suka iya cewa a'a ta bari. Takardar tana nan wurin maigari fara sol, mu kuma gobe da safe muna kurmi da laujenmu.