Ranar da kekenmu mai batiri ya tafi shi kaɗai

Ko tsufa ya ci ni, ba zan manta ranar da muka kai kekenmu gaban sarkin tasha a Gure ba. Ni mai walda ne, yayana kuwa lantarki ya karanta a Damagaram. Tare muka ƙera keke mai ƙafa uku, mai aiki da batiri, don dakon kaya. Sai dai ba mu da ikon yin lodi a tasha sai tsohon nan ya amince.

Kafin ranar, Yaya ya ishe ni da tambaya. In birki ya ƙi fa? In batiri ya yi zafi fa? Kowace matsala sai mun auna muninta, da yawan faruwarta, da ko direba zai iya ceton kansa. Har cikin barci ina jin "in kaza ya faru fa?"

Ranar kasuwa muka iso da buhunan gero, ana ta kallonmu. Yaya ne ke tuƙi; yana hango sarkin tasha ya diro, ya durƙusa, ni ma na sauka. Wa zai gai da babba yana bisa kujera? Da moto mai shan mai ne, dole ka kashe don a ji gaisuwa. Wannan kuwa shiru yake, ba wanda ya tuna yana kunne.

Tsohon ya matso, ya dafa hannun ba da wuta. "Ina gajiya, ɗana? Ina mutanen gida?" Yana tambaya yana murzawa.

Sai keke ya zabura ba kowa a kai! Ya bi ta tsakiyar tumakin wani mutumin Bune, ni ina binsa ina ihu, har ya kafe cikin rairayi. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma na ji kunya ƙwarai.

Tsohon ya gyara hularsa. "Ku tafi da shi," in ji shi. "Abin da ba ya sallama ba ya shiga tashata."

Muka koma muka sa makunni ƙarƙashin kujera, in ba kowa zaune keke ba ya motsi, muka kuma sa masa ƙara don a ji zuwansa. Sai bayan damina aka ba mu izini.

Daga nan na koyi cewa in za ka auna haɗarin na'ura, ka fara da halin mutanen da za su taɓa ta. Mun yi lissafin wuta da birki, muka manta mu mutane ne masu gaisuwa.