Ɗan Jirgin da Na Tono a Gonar Gyaɗa

Lokacin da abin nan ya same ni ina sabon ango, ina noman gyaɗa a wani ƙauye kusa da Durba, ana dab da samun mulkin kai. Gonarmu ta haɗa iyaka da ta wani dattijo maƙwabcinmu da suka daɗe suna 'yar tsama da mahaifina a kan wata kuka da ke tsakani, har mahaifina ya rasu ba su shirya ba.

Wata safiya ina noma a gindin kukar, fartanyata ta daki ƙarfe. Na tono wani gwangwani, cikinsa an naɗe wani abu da tsumma mai maiƙo. Ina kwancewa sai ga kan jirgin ƙasa, bai wuce kamu ɗaya ba, kore shar, da 'yan tagogi da ƙafafu masu juyawa, da lambar boko a gefe. Abin da ya tayar mini da hankali, ba shi da bututun hayaƙi, ni kuwa jirgin da na taɓa gani a Kano mai cin kwal ne. Na kai wa kawuna. Ko taɓa shi bai yi ba, ya ce kurciya ce aka binne mini, don in shiga duniya kamar jirgi in bar gona. Bai kama suna ba, sai dai ya dubi wajen gidan maƙwabcin.

Kafin la'asar magana ta karaɗe ƙauye. Dattijon ya rantse bai taɓa ganin abin ba, danginsa suka ce ni na binne da hannuna don in ƙulla masa sharri in ci kukar. Gari ya rabu biyu. Mata suka daina zuwa kitso wajen matata. Ni kuma na koma ban yarda da kowa ba: wanda ya gaishe ni in ce bugun ciki ne, wanda ya wuce shiru in ce da shi aka ƙulla. Na lura matar dattijon tana yawan kiran matata ta katanga suna ƙus-ƙus. Ranar da na tambayi matata ko da ita aka haɗa baki, sai ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu a Saji.

Da rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, dagaci ya tara mu, ya kirawo wani mutumin Rano da ya yi aikin reluwe. Mutumin ya juya abin a hannu, ya ce wannan siffar sabon injin nan ne mai shan mai, wanda ke jan taragun gyaɗa zuwa Ikko, kuma ma'aikatan gareji kan ƙera irinsa don sha'awa. Ana cikin tambayar wa ya kawo shi, sai matar dattijon ta fito daga bayan zana, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni na binne shi. Ɗana ne ya kawo mini, ya ce injin da yake aiki a kansa ke nan."

Ashe mijinta ya yi fushi da ɗan don ya bar noma ya bi jirgi, ya ce kada ya ƙara ganin komai nasa a gidan. Shi ne ta ɓoye abin a bakin gona, takan tono ta duba in kewa ta dame ta. Da na tono shi tsoro ya hana ta magana, sai ta roƙi matata ta karɓo mata a ɓoye, ta kuma sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Dattijon ya sunkuyar da kai, sannan ya miƙa hannu ya karɓi jirgin ya ba matarsa.

Na sha wuya wajen biko kafin matata ta dawo. Mun zauna shekaru, mun haifi 'ya'ya, amma har Allah ya karɓi ranta ba ta sake faɗa mini damuwarta ba sai in na ji a bakin wani.

Shi ya sa na rubuto. In ka ga abin da ba ka sani ba, nemi wanda ya san shi kafin ka nemi wanda za ka ɗora wa. Kawuna magana ɗaya ya yi ya koma gidansa ya yi barci, ni na rayu da ita.