Ɗaliban da na kai tashar Dungas da dare

Shekara ashirin ina ɗaukar hoto a Dungas. Yawanci na katin shaida ne, sai na biki da na suna. Sana'ar mahaifina ce, kuma akwatinsa na katako, irin wanda mai hoto ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle, yana nan a ƙuryar shagona.

Wata rana mota ta tsaya a ƙofata. Wani mushe ne, wato malamin makaranta, daga babban birni da ɗalibansa shida masu koyon zane da hoto. Ya ce an gaya masa na san garin, yana so in zaga da su da dare su ɗauki hotunan titi. Da ya ga akwatin mahaifina sai ya tara su, ya yi musu darasi a tsaye. Ya ce a farkon sana'ar nan mutum sai ya zauna cak na tsawon lokaci kafin hoto ya kamu, har akan tokare masa ƙeya da ƙarfe don kada ya motsa. Na ji daɗin bayaninsa, na amsa zan kai su.

Ranar kasuwa ce, bayan isha tasha na cike. Tun a wurin mai tsire raina ya fara ɓaci. Mushen ya sa shi kashe ƙwan solarsa, aka aro aci-bal-bal aka kunna masa, wai ya fi kama da ƙauye. Mutumin da ya yi shekara biyar da ƙwan nan! Na haɗiye.

Gaba kaɗan akwai wata dattijuwa mai tuwo da kowa ke kira Inna. Tana da farfaɗiya, duk tasha an sani, kuma an san abin yi idan ta taso mata. Muna isa, tana cikin zuba miya, ciwon ya kada ta. Tukunya ta kife, zanenta ya zame, kumfa na fita a bakinta. Kafin ƴan kabu-kabu masu babura su taso, ɗaliban sun kewaye ta, sai walƙiyar kamara kake gani ta ko'ina.

Na ce, "Mushe, ku ba da hanya, mace ce!"

Ya riƙe hannuna. "Dakata, Malam. Minti ɗaya. Irin wannan ba a samunta sau biyu."

Har ya durƙusa yana nuna wa wani ɗalibi inda zai tsaya don hasken murhu ya faɗi a fuskarta. Abin da ya fi ƙona ni har yau shi ne, ni ma kamarata ta kai rabin hanya zuwa idona kafin in ankara. Hannu ya saba.

Na ture su, na cire rigata na rufe ta. Matar mai shayi ta zo ta juya ta gefe, ta janye itacen wuta daga kusa da ƙafarta. Da ta farfaɗo, tambayarta ta farko ita ce wa ya zubar mata da miya.

A shago na ce su goge hotunan a gabana. Mushen ya ce ban fahimci fasaha ba, titi na kowa ne. Na ce, "In mahaifiyarka ce a ƙasa, titin na kowa ne?" Ɗaliba guda ce ta miƙo mini kamararta, idonta a ƙasa, ta ce in goge da hannuna. Sauran suka shige mota. Washegari suka sami wani ya kai su Bande.

Bayan wata huɗu ɗan Inna, wanda ke aikin gini a Damagaram, ya zo shagona da wayar salula a hannu. Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa hoton Inna a ƙasa yana yawo a intanet, bai san uwarsa ce ba. Ya tambaye ni wa ya kawo mutanen. Na ce ni ne. Ya daɗe yana kallona, ya fita bai yi sallama ba.

Inna ba ta ƙara fitowa tasha ba. Ɗan ya hana ta. Yanzu a gida take sayar da tuwon, ta bayan zana, kuma ban taɓa iya zuwa saye ba.