Hular Baba da Motar da Ba Ta da Rufi

Akwai wata Juma'a a Doha da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina tuƙi a gidan wani Balarabe. Da sanyi ya shigo sai ya kwashi iyalinsa suka yi tafiya, ya bar mini wata 'yar jar motar tsere mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta baya. Rufin ya maƙale a buɗe, ana jiran kayan gyara daga waje, shi kuma ya ce in riƙa hawanta kullum kada batir ya mutu. A fili na ce to, a zuci kuwa na ce kakata ta yanke saƙa.

Duk wanda ya ce ba a sanyi a ƙasar Larabawa, ya zo ya tuƙa buɗaɗɗiyar mota da sassafe. Sai in naɗa rawani, in sa safar hannu, in kunna hita. Ƙafafu suna gasuwa, hanci yana yoyo. Abokan ɗakina a unguwar Bin Omran suka laƙaba mini Alhaji Ba Rufi. Ranar da aka yi yayyafi riƙe da lema na dawo, suka yi dariya har da faɗuwa. Amma wallahi ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na wannan lokacin ba. Yara suna ɗago mini hannu a danja, ni kuma ina amsawa kamar tawa ce.

A ɗakinmu akwai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, mai gadi a wajen kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour, kowa Baba yake ce masa. Ya gama aikinsa, saura kwanaki ya koma gida. Ya ce shi burinsa ɗaya, in kai shi sallar Juma'a a Al Wukair, can bayan gari, cikin motar nan, ya sami labarin da zai ba jikoki. Da ranar ta zo ya fito cikin babbar riga da wata hular ɗinki mai shuɗin zare, wadda marigayiyar matarsa ta ɗinka masa da hannunta. Ran Juma'a kawai yake sa ta. Na roƙe shi ya cire ya riƙe, ya harare ni ya ce a ina na taɓa ganin dattijo ya tafi Juma'a kai ba hula.

Muna hawa babban titi na taka motar. Baba yana dariya, rigarsa ta cika da iska, yana ta salati. Sai kawai na ga ya dafe kansa. Hula ta tafi.

Babu wurin tsayawa, babu wurin juyawa kusa. A hankali Baba ya ce, "Shi ke nan, abin da ya rage mini nata ke nan." Na ji kamar in nutse don baƙin ciki.

Ana cikin haka wata farar jif ta manne mana a baya tana haska fitila. Duk direban Doha ya san ma'anar wannan: kauce in wuce. Na kauce, ta biyo ni. Na sake kaucewa, ta sake biyo ni har da oda. Raina ya ɓaci, na ce wannan wane irin wulakanci ne, mutum yana cikin abin da ya dame shi. Da na sami gidan mai na shiga, na fito a fusace.

Wani saurayi Balarabe ya sauko daga jif ɗin cikin farar jallabiya yana murmushi. Ya miƙa hannu gaban gilashinsa, ya zaro hular Baba daga inda ta maƙale a jikin waifa. Ashe tun can yake bin mu. Ya kakkaɓe ta, ya ɗora wa Baba a ka, sannan ya sumbaci goshinsa yadda suke yi wa iyayensu. Baba ya riƙe hannunsa yana zuba masa addu'a da Hausa, hawaye na bin gemunsa, yaron bai ji ko kalma ɗaya ba amma yana ta cewa amin.

Na zaci Baba zai ce mu nemi tasi. Sai ya warware rawanina, ya ɗaure hular tamau ta ƙarƙashin haɓa, ya koma kujerarsa ya ce, "Yalla, ɗana, taka mu je, kada liman ya riga mu."

Mun sami sallah. Yau Baba yana Kumasi, kuma an ce har yanzu da hular yake zuwa Juma'a. Ni dai tun ranar na daina saurin fushi da wanda ya biyo ni a baya, don ba kowa ke son ya wuce ka ba. Wani abin da ka yar ne yake ƙoƙarin kawo maka.