Tampol a Kan Itacen Sixten

A ƙauyenmu na bakin tafki, can arewacin Suwidin, in kana son sanin halin mutum ba sai ka tambayi maƙwabta ba, leƙa tarin itacensa kawai. Wanda ya jera nasa tsaf, ba shi ajiya ka yi barci. Wanda ya zuba shi a hargitse, ko gatari kada ka ara masa. Haka muka taso muka tarar ana faɗa, amma babu wanda ya ɗauki maganar da zafi kamar Sixten Wiklund.

Sixten tsoho ne mai shekara saba'in da huɗu, dogo, busasshe kamar abin da yake sara. Tun yana ɗan sha biyar ya bi mahaifinsa daji, ya yi shekara arba'in yana kayar da bishiya, har zarto ya karɓi rabin yatsansa ɗaya ladan zama tare. Murhu uku ne a gidansa: na kicin, na falo, da ɗan ƙarami a ɗakin kwana. Can a ɗakin ƙasa kuma akwai injin ɗumama gida mai shan mai, wanda 'yarsa ta nace aka saka don ko-ta-kwana. Sixten ya raɗa masa suna Malalaci.

"Shekara goma sha takwas ke nan," haka yake faɗa duk Lahadi wurin shan kofi bayan an tashi coci, "Malalaci bai taɓa ɗumama ko ƙafar kyanwa a gidana ba. Sau ɗaya nake tada shi a shekara, don kada ya yi tsatsa."

Dokarsa kowa ya haddace ta. A sare itace kafin ƙanƙara ta narke, tun ruwa bai hau jikin bishiya ba. A faskara, a jera, a bar wa iska hanya. In ya shiga gidan mutum sai ya ɗauki faskare biyu ya gwara su. In suka ce ƙal, ya gyaɗa kai. In suka ce dim, to ka shiga uku, har bazara ana ba da labarinka.

Wadda ta fi shan bakinsa ita ce Majken, gwauruwar da ke tsallaken titi. Ita ba ta jera itace. Watsa shi take yi tsibi guda a ƙarƙashin wata rumfar kwano marar bango.

"Majken, yaushe guguwa ta bi ta gidanki?" ya kan ce a gaban jama'a.

"Ranar da ka wuce kana surutu, Sarkin Itace," in ji ta.

To, a shekarar da nake ba ku labari, matarsa Dagny ta zame a bakin ƙofa cikin watan Maris, ƙashin ƙugunta ya karye. Asibiti na birni, tafiyar awa biyu. Mako goma Sixten yana zarya, bai tsallake rana ɗaya ba. Kafin ya ɗauki zarto, Yuni ya kusa ƙarewa, bishiyoyi sun sha ruwa sun ƙoshi.

Yanzu fa, ina abin kunya a nan? Wanda ya yi jinyar matarsa, wa zai tuhume shi? Da ya buɗe baki, da kafin yamma an cika masa tsakar gida da busasshen itace. Amma bakin da ya shekara talatin yana yi wa mutane dariya ba ya iya lanƙwasuwa ya yi roƙo.

Ya sara, ya faskara, ya jera shi tsaf a bakin titi inda ya saba. Sai ya ja da baya ya duba. Bakin kowane faskare fari fat, sumul, ba tsaga ko ɗaya. Kowa ya wuce zai karanta ranar da aka sare shi. Nan ne Sixten ya yi abin da da wani ne ya yi, sai ya bi shi da shewa har gida. Ya ɗauko tampol ya lulluɓe tarin tun daga sama har ƙasa, ya danne gefuna da duwatsu.

"Tsoho, iskar fa?" in ji Dagny daga taga, tana dogare da sanda. "Ba kai ke cewa a bar mata hanya ba?"

"Na mako biyu ne kawai."

Mako biyu ya zama wata huɗu. Da sanyi ya shigo ya ɗaga gefen tampol, sai wari ya buge shi. Itacen ya yi gumi a ciki, ya yi baƙin fumfuna. Ya sa guda biyu a murhu, suka kama tsaki, kumfa na fita ta bakinsu, hayaƙi ya cika kicin. Sannan ya sauka ɗakin ƙasa a hankali kamar mai zuwa ba da haƙuri, ya danna wa Malalaci maɓalli.

Shi kuwa Malalaci bai yi gori ba. Ya yi gurnani ya kama aiki, ruwan zafi ya bi bututu, gida ya yi ɗumi lumus. Wannan ɗumin ne ya fi komai ci wa Sixten rai.

Direban tankar mai ya roƙe shi ya riƙa biyowa ta hanyar bayan gona. Ɗan ragowar busasshen itacen bara kuwa ya mayar da shi kamar magani: kowace safiya faskare uku a murhun kicin, don dai masu wucewa su ga hayaƙi a saman rufi. A coci ya daina zancen itace. In an tambaye shi ra'ayi, sai ya cusa burodin kirfa a baki.

"Ka zama ɓarawo a gidanka," in ji Dagny. "Ɓarawon ma marar riba."

Bayan sabuwar shekara ragowar ta ƙare. Mako bai cika ba, wata safiyar Talata, iska ta kayar da bishiyoyi a kan wayoyin lantarki. Rediyo mai batir ya ce gyara sai bayan kwana uku. Malalaci kuwa, duk man da ke cikinsa, ba ya motsi sai da lantarki. Ya yi shiru.

Ko'ina a ƙauyen hayaƙi ya tashi, kowa ya koma murhunsa hankali kwance. Gida ɗaya ne babu.

Sixten ya gwada. Ya yi ta hura ɗanyen itace da jarida har idonsa ya yi ja. Zuwa tsakar rana numfashi na fita kamar hayaƙi a cikin falo. Dagny na zaune da bargo uku, ta daina tsokana, kuma shirun nan nata ya fi zagi. Ya ga yadda take danne ƙugu da tafin hannu, leɓenta ya canza launi.

"Yana ciwo?"

"A'a," ta ce. Shekara hamsin da aure, ya san wannan a'ar.

Ya ɗauki gatari ya kalli kujerar kicin.

"Taɓa kujerar uwata ka gani," in ji Dagny. "Titin nan taku nawa ne, Sixten? Ba teku ba ne."

Taku sittin ne. Ya jawo amalanken ƙanƙara ya tsallaka, kowane taku kamar da dutse a takalmi. Majken na tsaye a bakin rumfarta, hannu a ƙugu.

"A'a, Sarkin Itace da kansa! An zo duba guguwa?"

Ya cire hula cikin wannan sanyi. "Dagny na jin sanyi," ya ce da ƙyar. "Nawa… nawa ɗanye ne. Ya ruɓe. Tun Oktoba da mai nake."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Kai tsoho, wa bai sani ba? Tun da ƙanƙara ta fara sauka babu sawu ko ɗaya tsakanin ƙofarka da tarin nan. Da tashi sama kake ɗebowa? Ga tanka na lallaɓawa ta bayan gona kamar mai zuwa zance."

Kunnuwansa suka yi zafi. "Ba wanda ya ce komai."

"Wa zai ce? Mun ga inda ka yi bazararka." Ta nuna wani tsibi daban a gefen rumfa. "Wancan naku ne, tun kaka na ware. Na ce ba zan kai ba sai ka zo da ƙafarka. Amma don Dagny ba zan bari jiran ya wuce yau ba, ka ga har na sa takalmi."

Ya sunkuya zai fara lodi.

"Tsaya. Ba ka gwada ba. Kada in ba ka juji."

Ya ɗauki biyu ya gwara. Ƙal! Ƙarar ta tafi har kan tafki.

Sawu huɗu ya yi, da rana tsaka, a kan titi, labulen gidaje na motsi. Da murhun falo ya kama, Dagny ta miƙe ƙafa ta lumshe ido. Shi bai zauna ba. Ya koma waje ya ture duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ya yaye tampol ɗin da ya daskare kamar busasshiyar fata. Tarin ya fito fili, baƙi, a jere tsaf, a bakin titi inda kowa zai wuce ranar Lahadi.

Da ya shigo bai iya haɗa ido da ita ba.

"Rufe ƙofa, tsoho," in ji Dagny. "Kana fitar mana da ɗumin Majken."